Filana ko Dainamik: Nasiha ga Matashi Kafin Ya Sayi Hedifon

A 'yan shekarun nan wata kalma ta shigo bakin samarinmu masu sha'awar kayan sauti, musamman masu koyon haɗa kiɗa a kwamfuta, da masu ɗaukar hira don intanet, da masu wasan gem. Kalmar ita ce filana. Yaro zai kwana yana kallon masu tallar kaya a YouTube suna jujjuya hedifon a gaban kyamara, gari na wayewa ya yanke hukunci cewa wanda ke kansa, irin na dainamik, ya zama tsohon yayi, kuma kunnensa ba zai san daɗin sauti ba sai ya tara kuɗin filana. Wani har bashi yake ci. Bayan makonni kaya ya iso, ya jona a waya, sai ya ji ƙarar ba ta kai ta tsohon ba, wuya ya fara sagewa, na kusa da shi kuma yana jin duk abin da yake saurare. Sau da yawa kayan lafiyarsa ƙalau. Akwai dai tambayoyin da ya kamata a yi kafin a biya kuɗi, su ne ba a yi ba.

Ɗana, 'yata, son sauti mai kyau abin yabo ne, kuma wanda ya iya saurare ya riga ya sami rabin sana'ar sauti. Abin da ake gudar muku shi ne sayen suna a maimakon sayen abin da kunne zai amfana da shi. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa haka ita ce sanin abin da ke cikin kofunan nan biyu da ake kifawa a kunne.

Duk wanda ke da mataccen hedifon a ɗaki, ya samo sukundireba ya buɗe shi. Zai tarar da wani tantani na roba mai sheƙi, zagayayye, tsakiyarsa ta ɗan tasa. Idan ya ɗaga shi a hankali zai ga zoben siririyar wayar tagulla manne a bayansa, wato koyil, irin aikin da masu naɗin fanka suka sani, sai dai ƙanƙani. Zoben yana zaune a cikin wani ɗan rami da ke jikin maganaɗisu. Da wutar sauti ta ratsa koyil, sai ya riƙa kai da komo a cikin ramin, ya ja tantanin, tantanin ya tura iska, iska ta bugi dodon kunne. Wannan shi ne dainamik. Kamfanin Eugen Beyer na Jamus ya fitar da DT 48 a kan wannan tsari tun 1937, kuma har yau kusan duk iyafis da lasifikar mota da rediyon mai shayi a kansa suke tafiya.

Filana ya bi wata hanya. Babu koyil mai zobe a cikinsa. Tantanin shimfiɗaɗɗe ne, faffaɗa, siriri ƙwarai, an ɗame shi ta kowane gefe, an zana hanyar wuta a jikinsa tana tafiya tana lanƙwasowa daga wannan gefe zuwa wancan. A gabansa ko bayansa, ko duka biyun, an jera sandunan maganaɗisu. Wanda ya cire kushin ɗin kunnen ya ɗaga kofin a hasken taga zai hango layukan suna ƙyalli a tsakanin sandunan. Da yake wutar tana bin kusan dukan faɗin tantanin, ƙarfin turin yana bazuwa ko'ina lokaci ɗaya. Misalinsa kamar tura zana ne: mutum ɗaya ya tura ta daga tsakiya, gefunan za su yi lilo su biyo baya, amma idan mutum goma suka jera hannu, za ta tafi a miƙe.

Matasa da yawa sun ɗauka filana sabuwar fasaha ce. Kamfanin Wharfedale na Ingila ya sayar da irinsa tun 1972, Yamaha ta Japan ta biyo baya da HP-1 a 1976, Fostex kuma ta daɗe tana ƙera nata don ɗakunan ɗaukar sauti. Kasuwa ta juya masa baya na shekaru saboda nauyi da tsada da cin wuta, musamman bayan Sony ta fito da Walkman a 1979, kowa ya koma neman abu marar nauyi da batir zai iya ɗauka. Sai wajen 2009 kamfanoni biyu, Audeze na Kalifoniya da HiFiMan wanda Fang Bian ya kafa, suka dawo da shi da ƙarfinsa. A 2023 ma sashen PlayStation na Sony ya sayi Audeze ɗungurungum, shi ya sa masu wasan gem suke yawan jin sunan yanzu.

To, mene ne kunne yake ji a zahiri? Inda filana ya fi yin fice shi ne ƙasan sauti, wato bes mai zurfi. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 a daƙiƙa har zuwa wajen 20,000, kuma filana mai kyau yakan sauka har kusa da wancan ƙasan ba tare da ya raunana ko ya gurɓace ba. Wanda ke sauraron amapiano na Afirka ta Kudu, ko fim mai rugugin jirgi da tsawa, zai ji bes ɗin a shimfiɗe, kowane bugu a rarrabe da ɗan'uwansa. Dainamik mai buɗaɗɗen baya kuwa, irin Sennheiser HD 600, yakan ɗan tasa a tsakiyar bes, sannan ya sassauta idan an gangara can ƙasa. Wannan tasowar ce take sa mutane da yawa su ce dainamik ya fi duka a ƙirji, ganga ta fi fitowa da nauyinta. A ɓangaren murya kuma, HD 600 ɗin nan da ya fito tun 1997 har gobe masu aikin sauti suna auna wasu da shi, saboda yadda yake fitar da muryar mutum kamar yana zaune a gabanka.

Nan ne ya kamata matashi ya tsaya ya tambayi kansa abin da yake saurare. Idan yawancin lokacinsa karatun Alƙur'ani ne, da tafsiri, da labaran rediyo, da tsofaffin waƙoƙin Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, to duk abin da yake nema yana tsakiyar sauti, inda murya take. Waɗancan tsofaffin waƙoƙin an ɗauke su ne a zamanin kaset da faifan garmaho, da yawansu kuma sun bi ta hannu goma da WhatsApp kafin su iso wayarsa. Babu bes mai zurfi a cikinsu da filana zai tono. Abin da zai ƙara fitowa fili shi ne shuuu ɗin kaset da tsagewar makirfo. Hedifon ba ya mayar da abin da ba a ɗauka ba.

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar cewa duk filana murya ɗaya gare su, duk dainamik ma haka. A ɗora Audeze LCD-2 a kai, a sauke, a ɗora HiFiMan Sundara. Dukansu filana ne, amma na farko sautinsa mai kauri ne da taushi, na biyun kuma ya fi haske da kaifi a sama. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin wasu filana da wasu dainamik. Haka idan aka haɗa HD 600 da Beyerdynamic DT 990, dukansu dainamik, za a ji na biyun ya fi cika bes da siririn sauti nesa ba kusa ba. Dalilin shi ne 'yar lasifikar ciki ɓangare ɗaya ce kawai ta aikin. Girman kofi, da irin kushin, da audugar da aka cusa a baya, da tazarar tantani daga kunne, da yadda injiniya ya zaɓi ya daidaita kauri da tsakiya da siranta, su ne suke yanke yawancin abin da ake ji.

Wannan ba zancen baka ba ne. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman na Amurka sun shafe shekaru tun daga 2012 suna sa ɗaruruwan mutane sauraro ba tare da sun ga abin da ke kansu ba, suka gano cewa abin da ya fi jan ra'ayin mai sauraro shi ne wannan daidaiton na kauri da tsakiya da siranta. A 2017 kuma wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba awon hedifon 283, bai sami wata alaƙar kirki tsakanin farashi da kyawun wannan daidaito ba. Ko ta fuskar kuɗi ma zancen cewa dainamik na talaka ne, filana na mai hali, bai tsaya da ƙafafunsa ba. Focal Utopia na Faransa dainamik ne, ya fito a 2016 a kan kusan dala 4,000, ga kuma filana na HiFiMan da ake samu ƙasa da dala 200. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai batun wuta, wanda shi ne ya fi ba masu saye ta intanet kunya. A jikin kwali akwai lambobi biyu da ya kamata a karanta. Ta farko ana auna ta da om, tana nuna yadda hedifon yake turje wa wuta. Ta biyu ana auna ta da desibel, tana nuna yawan ƙarar da yake bayarwa idan an ba shi wuta kaɗan. Matasa sukan duba ta farko kawai, su ga filana mai om 32 ko 37, su ce ai waya za ta ja shi. Ta biyun ce take kayar da su. Duk ragin desibel 3 yana nufin ninka wuta sau biyu kafin a kai ƙara ɗaya, ragin desibel 10 kuwa ninki goma ne. HiFiMan HE-6 na 2010 ya shahara a kan haka, har masu shi suka riƙa jona shi a amfilifayar manyan lasifiku. Filana na yanzu da yawa sun fi shi sauƙi, wasu ma ɗan jonin USB mai kyau ya ishe su, amma ya wajaba a bincika tun kafin a biya, a kuma sa kuɗin amfilifaya a lissafi. Dainamik ma yana da nasa halin. HD 600 om 300 ne, ƙarfin turi yake so, kuma turjiyarsa tana hauhawa sosai a wajen bes, don haka idan aka jona shi a ramin tsohuwar mikisa ko rediyo sai a ji bes ya kumbura ya rufe murya. Filana bai cika sauya hali ta wannan hanyar ba, domin turjiyarsa kusan ɗaya ce daga ƙasa har sama.

Wanda ya sami damar gwadawa a shago ko wajen aboki, ya lura da wani tarko da ba kowa ke ganinsa ba. Mai shago zai zare wannan ya jona wancan, ƙarar waya tana nan inda take. Wanda ya fi sauƙin ja zai fito da ƙara fiye da ɗayan, nan take saurayi ya gyaɗa kai ya ce wannan ya fi. Tun 1933 Fletcher da Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne yana ƙara jin kauri da siranta idan ƙara ta ƙaru, don haka duk wanda ya fi ƙara, ko da kaɗan ne, zai yi kamar ya fi cika da armashi. Maganin abin shi ne a kunna muryar mutum yana magana, a rage ko a ƙara har su biyun su zo daidai, sannan a fara kwatance. A zo da sautin da kunne ya haddace, wanda aka ji sau ɗari. Mai sauraron kiɗan gargajiya ya bi kalangu ya ji ko lanƙwasar muryarsa tana fitowa lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya, ya ji ko algaita tana da zaƙi ko tana soke kunne, ya ji ko ana rarrabe muryoyin 'yan amshi ko sun dunƙule. Kuma kada a yi gaggawa. Sautin da ya burge a minti biyu na farko, mai walƙiya a sama da rugugi a ƙasa, sau da yawa shi ne yake gajiyar da kunne bayan rabin awa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Rabin awar nan za ta tona wani abu kuma, wato nauyi. Sandunan maganaɗisu ƙarfe ne. HD 600 bai wuce giram 260 ba, Sundara ya haura 350, Audeze LCD-X kuwa ya kai wajen 600, fiye da rabin kilo a kan mutum. Ga mai sauraron waƙa biyu kafin barci wannan ba komai ba ne. Ga yarinyar da za ta zauna awa shida tana gyaran sautin fim ko shirin rediyo, a watan Afrilu, ba wuta ba fanka, kushin na fata yana tara gumi, magana ce babba. Mai sa tabarau shi ma ya gwada da tabaransa a fuska, domin ƙafar tabarau tana ɗaga kushin, iska ta sulale, bes ya ragu, musamman a rufaffen hedifon.

Yawancin filana masu suna buɗaɗɗu ne ta baya, raga ce kawai tsakanin tantani da duniya. Wannan yana ba sauti fili da sarari, yana kuma barin komai ya shiga ya fita. A ɗakin kwanan ɗalibai, ko cikin A-daidaita-sahu, ko gidan da janareton maƙwabci ke ruri, wancan bes mai zurfi da aka biya kuɗi dominsa shi ne farkon abin da hayaniya za ta haɗiye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mawaƙin da ya tsaya gaban makirfo da buɗaɗɗen hedifon kuwa, kiɗan zai zubo ya shiga cikin muryar da ake ɗauka. Shi ya sa a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim na duniya aka fi ganin rufaffun dainamik irin Sony MDR-7506, wanda yake kasuwa tun 1991, da Beyerdynamic DT 770, da Audio-Technica ATH-M50x. Ba su da tsadar manyan filana, kowace mikisa tana jan su, suna jure faɗuwa, kuma ana samun kushin da wayarsu idan sun mutu. Matashin da ke fatan buɗe situdiyo a Titin Gidan Zu a Kano, ko a ɗakinsa a Zinder, zai fi cin riba idan ya fara da irin waɗannan ya haddace halinsu. Ya kuma tuna cewa masu sauraronsa a lasifikar waya da ta mota za su ji aikinsa, don haka duk abin da ya haɗa ya gwada shi a can kafin ya sake shi.

Wanda duk da haka ya auna ya ga filana ne ya dace da shi, madalla, zai ji daɗinsa, kuma babu dalilin hana shi. Sai dai ya riƙe shi da kula. Maganaɗisun a buɗe suke bayan raga, suna jan garin ƙarfe, don haka kusa da mai walda ko teburin gyaran waya ba wurin ajiye shi ba ne. Lokacin hunturu a mayar da shi jakarsa da zarar an gama, saboda ƙurar da ta shiga ba a iya goge ta daga tantanin. Kada a danna kofin da ƙarfi a kunne ko a kan tebur, domin iskar da ta matse tana iya lahanta tantani mai sirantar nan. Idan kuwa ya tsage, ba aikin mai gyaran rediyo ba ne. Sauya 'yar lasifikar ake yi gaba ɗaya, wani lokaci duka biyun don su daidaita, kuma hakan yana nufin aikawa waje, da kuɗin dako, da dala. A tambayi mai sayarwa wa zai ɗauki nauyi idan gefe ɗaya ya mutu cikin wata uku. A kuma yi hattara da jabu, musamman na sanannun dainamik ɗin nan, idan farashin ya yi arahar da hankali bai ɗauka ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta cin ko sisi, wadda ya kamata a gwada kafin a sayi sabo. Wayoyi da kwamfutoci da yawa suna da ikwalaiza, ko ana iya sauke ta kyauta. Ɗan rage kaifi a sama, ko ɗan ƙara kauri a ƙasa, yakan sa hedifon da aka raina ya zama wani abu dabam. Sauya tsohon kushin da ya lotse ma haka, domin kushin da ya kwanta yana matso da tantani kusa da kunne ya sauya sautin duka.

Magana ta ƙarshe ta fi duk waɗannan nauyi, ɗana, kuma ta fi shafar mai kaya mai kyau. Iyafis mai araha idan an ƙure shi yakan tsage ya yi ƙarar gwangwani, dole mutum ya rage. Filana mai kyau da amfilifaya mai ƙarfi ba sa yin wannan gargaɗin. Sautin yana nan tas ko an kai shi inda yake cutarwa, sai mutum ya yi ta ƙarawa bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke saurare. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Idan aka hau zuwa desibel 90, abin da ya rage awa 4 ne kacal a mako guda. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama sauti, waɗanda idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, kuma waɗanda ke jin siririn sauti su ne suke fara tafiya, wato daidai abin da aka sayi hedifon mai tsada don a ji.

Buɗaɗɗen hedifon a wuri mai hayaniya ya fi jawo wannan, saboda mai shi yana ƙara ƙara ne don ya danne janareto. A irin wannan wuri rufaffe ko mai toshe kunne ya fi aminci, tun da yana barin mutum ya saurara a hankali. Wayoyi da yawa yanzu suna nuna gargaɗi idan an haura iyaka, wasu ma suna lissafa desibel na mako, kuma bai kamata a riƙa danne gargaɗin ana wucewa ba. Mai aikin situdiyo ya riƙa sauke hedifon yana hutar da kunne bayan kowace awa. Wanda ya cire shi ya ji kunnensa yana ƙugi ko shuuu, ko ya ji maganar mutane ta dushe kamar an toshe masa kunne da auduga, ya san ya wuce gona da iri a ranar. Idan abin ya kwana biyu bai tafi ba, ya nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a yi masa awon ji. Awon ba ya da zafi, ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma takardar da za a ba shi za ta nuna masa, kunnen dama da na hagu, wane sauti yake ji da wanda ya fara kuɓuce masa.